KIWON ƁERAN MASAR: ABIN DA YA KAMATA KA SANI KAFIN KA KAI SHI GIDA



Yau za mu ɗan jingine maganar kaji da tarwaɗa, mu taɓa wata 'yar dabba da tambaya ta yi yawa a kanta. Tun ranar da na ɗora hoton ɓerayen Masar ɗin da ke bayan kududdufin kifinmu saƙonni suke shigowa. Wani ya ce yaransa sun dame shi sai ya saya musu, wani yana tambaya ko akwai kuɗi a ciki, wata baiwar Allah kuma ta ce nata guda huɗu sun mutu cikin sati biyu, ba ta san dalili ba. To maimakon in riƙa amsawa ɗaya bayan ɗaya, ga bayanin a dunƙule. Yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Bari in fara da nawa kuskuren. Farkon waɗanda na saya guda uku ne, saboda ƙanwata. Na zuba su a tsohon kejin zomo mai ƙasan waya, ina ba su dusa da ragowar abincin kaji. Da ɗaya ya fara atishawa, sai na yi abin da duk mai kaji zai yi: na ɗauko garin maganin mura na kaji na kaɗa musu a ruwan sha. Kwana uku tsakani gudawa ta ɓarke, kafin sati ya zagayo biyu sun mutu. Ga ni da digiri a harkar kasuwancin noma, amma da hannuna na kashe su, ƙanwata tana kuka ina rarrashi. Daga baya ne wani likitan dabbobi ya zaunar da ni ya nuna min cewa kusan duk abin da na yi, tun daga kejin har maganin, ba daidai ba ne. Dabbar nan tana da sauƙin kiwo, amma ba kaza ba ce, ba kuma zomo ba.

WACE IRIN DABBA CE?

Sunan ma kansa yana ruɗa mutane. Mu muna cewa ɓeran Masar, Turawan Ingila kuma suna kiransa da sunan da ke nufin aladen Gini. Gaskiyar magana ba daga Masar ya fito ba, ba daga Gini ba, kuma ba shi da wata alaƙa da alade. Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, wato ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda aka shafe dubban shekaru ana kiwonsa a cikin gida don nama. A can "kuy" suke ce masa. A Peru har ranar tunawa da shi gwamnati ta ware, Juma'a ta biyu ta watan Oktoba. 'Yan kasuwar Turai ne suka kai shi nahiyarsu a ƙarni na 16, can ya zama dabbar sha'awa. A Afirka kuma akwai masu kiwonsa sosai a yammacin Kamaru, da gabashin Kwango, da kudancin Tanzaniya.

Ka riƙe wannan asalin nasa a ranka, domin shi ne mabuɗin komai: dabbar tsauni ce, ta wuri mai sanyi, mai cin ciyawa dare da rana.

Babba yakan kai nauyin giram 700 zuwa 1,200, namiji ya fi mace girma. Ba shi da wutsiya. Yatsu huɗu gare shi a ƙafar gaba, uku a ta baya. Haƙoransa 20 ne, kuma dukansu ba sa daina tsiro har ya mutu. In ya samu kulawa yana yin shekara 5 zuwa 7. Ka ga kenan in ka saya wa yaro ɗan aji ɗaya a firamare, ƙila har ya gama aji shida dabbar tana nan. Ba abin wasan sati biyu ba ne.

Akwai mai gajeren gashi a kwance, akwai mai gashi a murɗe gungu-gungu wanda ake kira ɗan Abisiniya, akwai mai dogon gashi har ƙasa. A yanayinmu mai gajeren gashin ya fi dacewa, ya fi jure zafi kuma ba ya buƙatar taza.

Abu na gaba: ba ya son kaɗaici. A garke yake rayuwa. A ƙasar Suwizalan tun 2008 doka ta hana a ajiye shi shi kaɗai. In za ka saya, sayi aƙalla biyu. In ba haihuwa kake so ba, ɗauki mata biyu, ko maza biyu da suka tashi tare kuma babu mace kusa da su.

WURIN KWANA

Ɓeran Masar ba ya hawa bango, ba ya tsalle mai nisa, ba ya haƙa rami kamar zomo. Saboda haka faɗin ƙasa yake buƙata, ba tsawo ba. Ga guda biyu, yi musu wuri kamar santimita 120 a tsawo, 80 a faɗi, wato kusan murabba'in mita ɗaya. In ya fi haka ya fi kyau. Bango mai tsawon santimita 40 ya isa ya tsare su. Za ka iya jera bulo layi biyu a kusurwar ɗaki ko rumfa, ko kafinta ya buga maka akwatin katako.

Amma ko da ba za su fita ba, akwai masu shigowa: mage, kare, gafiya, maciji, shaho. Don haka sai an yi murfi na raga mai ƙananan ƙofofi, mai sakata. Gafiya da manyan ɓeraye suna cinye jarirai cikin dare, ka wayi gari ka ga babu.

Ƙasan wurin kada ya zama waya. Tafin ƙafarsu ba shi da gashin da zai kare shi kamar na zomo. Waya tana yanka shi, ya kumbura ya yi gyambo, irin kumburin tafin ƙafa da muke gani a manyan kaji. Wani lokaci ma ƙafar ke maƙalewa ta karye. Yi ƙasa da siminti ko katako, ka shimfiɗa dusar katako mai manyan ɓarɓashi, irin wadda injin goge katako ke fitarwa, ko buntun shinkafa busasshe, sannan ka ɗora busasshiyar ciyawa a sama. Garin katako mai laushi kamar fulawa yana shiga hanci da ido, a guje shi.

Kullum ka kwashe inda ya jiƙe, sau ɗaya ko biyu a sati ka canza shimfiɗar gaba ɗaya. Ka san yadda warin ɗakin kaji ke yaji a ido in shimfiɗa ta jiƙe? To hancinsu yana manne da ƙasa, su suke fara shaƙa, kuma huhunsu ba shi da ƙwari.

Sai maɓoya. Dabba ce mai tsoro, in ba ta da inda za ta shige hankalinta ba ya kwanciya. Kwali mai ƙofa biyu, ko fasasshiyar tukunyar ƙasa da aka kifa, ko guntun faffaɗan bututun roba, duk suna yi. Kowane ɗaya a ba shi nasa, don kada babba ya hana ƙarami.

Kada ka haɗa su da kaji, kada ka haɗa su da zomaye. Kaji suna tsattsage su, kuma kashin kaji yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela. Zomo kuwa yana iya ɗauke da wata ƙwayar cutar numfashi, shi yana yawonsa lafiya, amma in ta kama ɓeran Masar sai ta zama ciwon huhu. Ga kuma shuri, zomo ɗaya in ya yi harbi da ƙafar baya yana iya karya shi.

ZAFI, BABBAN MAKASHINSU A WAJENMU

Yanayin da suka fi jin daɗi shi ne digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin salshiyos. Da zarar ya doshi 30 sun shiga haɗari. Mu kuwa a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi, daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura 40. Ba sa yin gumi yadda zai sanyaya su, ba su da manyan kunnuwa irin na zomo da ke fitar da zafi. Mutumin Jos ko Mambila ya huta da rabin wannan wahalar, amma mu sai mun yi shiri tun kafin bazara ta kama.

Ga abin da nake yi:

1. Ba na ajiye su a ƙarƙashin rufin kwano marar silin. Ɗakin ƙasa, ko rumfar zana mai kauri a ƙarƙashin bishiya, ya fi.
2. Rana ba ta taɓa su kai tsaye. Ka duba wurin da safe, da azahar, da la'asar, domin inuwa tana gusawa.
3. Ina ajiye tulu ko randa cike da ruwa a cikin wurin, sai su kwanta jikinta. Tayil ko faffaɗan dutse a inuwa shi ma yana riƙe sanyi.
4. Ina rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gefen da iska ke shigowa.
5. In akwai ƙanƙara, gorar ruwa mai sanyi a naɗe da tsumma a ajiye musu.

In ka ga ɗaya ya miƙe warwas, yana haki, miyau na zuba, zafi ne ya buge shi. Ɗauke shi zuwa wuri mai sanyi, ka shafa masa ruwa mai ɗan sanyi a kunne da ƙafa da ciki. Kada ka tsoma shi a ruwan ƙanƙara. Mai ciki da mai ƙiba su suka fi saurin faɗuwa. Da hunturu kuma sai a tare gefen da iska ke bugowa, a ƙara musu ciyawar da za su shige ciki.

ABINCI

Ciyawa ita ce tuwo, sauran duk miya ne. Mafi yawan abin da zai ci, kusan kashi 80 cikin 100, ya zama ciyawa, ɗanya ko busasshiya, kuma kada ta yanke a gabansa ko da daddare. Dalili biyu ne. Na farko haƙoran nan da ba sa daina tsiro, taunar ciyawa ce ke goge su. In ya zauna kan dusa da abu mai laushi, turamen haƙoran sai su yi tsawo su danne harshe, ka ga yana son ci ya kasa, haɓarsa kullum a jiƙe. Na biyu cikinsa, an yi shi ne don ya riƙa aiki ba tsayawa. In ya daɗe babu abinci hanjin sai ya tsaya, ciki ya kumbura.

Ciyawar da muke da ita ta wadatar: kyasuwa, harkiya, ƙiri-ƙiri, gamba tun tana ɗanya shar, ganyen masara da ɓawonta, ganyen dankalin Hausa. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kyau ƙwarai ga mai ciki, mai shayarwa da yara masu tasowa. Amma manya a rage musu, a gauraya da ciyawa, domin harawa tana da kalsiyam da yawa, shi kuma yana haddasa tsakuwa a mafitsara. Tun da kaka ka tanadi busasshiyar ciyawa ta rani, ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ta yi fumfuna a zubar.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci: bitamin C. Kaza da zomo da akuya jikinsu yana haɗa wannan sinadarin da kansa. Ɓeran Masar kamar ɗan Adam yake, ba ya iyawa, sai ya samu a abinci kullum. Da wannan dabbar ma wasu likitoci biyu 'yan Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka yi gwajin da ya nuna a 1907 cewa rashin wani abu a abinci ne ke kawo ciwon da ke sa dasashi zubar jini. In ka riƙe shi kan dusa da busasshiyar harawa kawai, cikin sati biyu zuwa uku za ka fara ganin alama: ɗingishi, kumburin gaɓoɓi, gashi ya yamutse, in ka taɓa shi ya yi ƙara, ciwo ya ƙi warkewa. Mutane da yawa suna cewa sanyi ne ko iska, alhali yunwar bitamin ce. Da rani ta fi faruwa, lokacin da ɗanyen ganye ya yi wuya.

Yana buƙatar kamar miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, mai ciki kuma har 30. Kada lissafin ya tsorata ka. Koren tattasai giram 100 yana ɗauke da kusan miligiram 80, gwaba ta fi 200. Kenan yankan koren tattasai kamar faɗin yatsu biyu, ko ɗan yankan gwaba, ya biya wa babba buƙatar yini. Tattasai marar yaji nake nufi, ba attaruhu ba. Za ka iya ƙarawa da ɗan kabeji, ɗan ganyen zogale, kokwamba, ɓawon kankana. Karas da 'ya'yan itace masu zaƙi kaɗan-kaɗan, saboda sukari. Zuba bitamin a ruwan sha ba dabara ba ce, haske da zafi suna lalata shi da wuri, wasu kuma in ɗanɗanon ruwan ya canza sai su ƙi sha.

Dusar alkama ko ta masara ba laifi, amma cokali ɗaya a rana ga babba ya isa. Abincin kaji kuwa a'a. Ba shi da harzar da cikinsu ke nema, ba shi da bitamin C, na masu ƙwai cike yake da kalsiyam, wani kuma an riga an gauraya masa magani.

Abubuwan da ba a ba su sam: albasa, tafarnuwa, ganyen dankalin Turawa da wanda ya yi kore, ganyen tumatir, ɗanyen ganyen rogo, fiya, tumfafiya, zaƙami, zurma, bini-da-zugu, da duk ragowar abincin gida mai mai da gishiri. Ba sa iya amai, abin da ya shiga ya shiga kenan. Ciyawar bakin titi da ta gonar da aka yi wa feshi a bar ta. Ɗanyar ciyawar da aka cusa a buhu ta yi zafi ita ma tana kumbura ciki, a baza ta a inuwa ta sha iska tukuna. Sabon abinci kuma a fara da kaɗan na kwana uku zuwa huɗu.

Ruwa mai tsabta kullum. Wasu suna cewa ba sa shan ruwa, wannan ba gaskiya ba ne. Babba yana iya shan kusan mililita 100 a yini, da zafi ya fi haka. Sa a kasko mai nauyi da ba zai kife ba, ko gora mai bakin tsotso. In ka ga yana lanƙwasawa yana cin wani kashi mai laushi daga jikinsa, kada ka hana shi, haka halittarsa take, ta nan yake samun wasu bitamin.

MAGANIN KAJI GUBA NE A GARE SU

Nan nake roƙon masu kaji su buɗe kunne, domin mu ne muke da magunguna jibge a kan kanta. Cikin ɓeran Masar cike yake da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke narkar masa da ciyawa. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna share waɗannan masu amfanin, sai wata muguwar ƙwaya ta samu fili ta yaɗu, ta saki dafi a hanji. Sakamakon shi ne gudawa da mutuwa cikin 'yan kwanaki, kamar yadda ya faru da nawa.

Daga cikin masu haɗarin akwai fenisilin, amoksisilin, amfisilin, eritromaisin, linkomaisin, kilindamaisin da tailosin. Duba bayan fakitin maganin murar kajinka, da wuya ka rasa ɗaya daga cikinsu. Akwai magungunan da suka dace da su, amma likitan dabbobi ne zai zaɓa, ya auna gwargwadon nauyi. In ka je, ka gaya masa ƙarara cewa ɓeran Masar ne. Kada ka saya a shago bisa shawarar "ai haka muke ba zomo".

Alamomin da za ka lura da su:

Ƙin cin abinci. In ya wuni bai ci ba, ko ka ga kashi ya ragu ko ya ƙanƙance, kada ka jira gobe.
Atishawa, majina, kwantsa, numfashi da ƙyar.
Susa mai tsanani da zubar gashi da ɓamɓaroki. Yawanci ƙananan ƙwari ne da ke shiga fata, ana maganinsu da aibamektin, a hannun likita.
Tabo zagayayye marar gashi a fuska ko kunne. Wannan makenkero ne, kuma yana kama mutum, musamman yara.
Kuka lokacin fitsari, ko jini a ciki.

Dabba ce mai ɓoye ciwo, kafin ka gane ta riga ta yi nisa. Dabarar ita ce sikeli. Ƙaramin sikelin kicin ya isa, ka auna kowanne sau ɗaya a sati ka rubuta. In babba ya zubar da giram 50 ko fiye cikin sati, akwai magana. Sabon da ka sayo kuma ka ware shi sati biyu zuwa uku kafin ka haɗa, kamar dai yadda muke yi wa sababbin kaji.

Akwai masu tambaya game da zazzaɓin Lasa. Ɓeran da ke yaɗa ta wani ne daban, na daji mai nonuwa da yawa, wanda ke shigowa gidaje neman abinci. Abin kiyayewa shi ne kada dusarka da ragowar abinci su zama abin da ke gayyato shi. A rufe abinci a durom ko bokiti mai murfi, a share wurin, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa dabba.

HAIHUWA

Bambance mace da namiji: juya shi a hankali ka duba ƙasan ciki. Ta mace siffar harafin Y ce. Namiji in ka danna sama da wurin kaɗan, gabansa zai fito. Ka duba da kanka a wajen saye, domin da yawa sun sayi "mata biyu" bayan wata biyu suka wayi gari da jarirai.

Mace tana iya ɗaukar ciki tun tana sati 4 zuwa 5, amma hakan cutarwa ce. Bari ta kai wata 4 zuwa 5. Kada kuma haihuwar farko ta yi latti. Likitocin dabbobi suna gargaɗin cewa macen da ta wuce wata 6 zuwa 7 ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, ƙashin ƙugunta yana iya yin tauri ya ƙi buɗewa, haihuwa ta zo da gardama. In ka sayi babbar mace ba ka san tarihinta ba, bar ta a matsayin ta sha'awa.

Cikin yana ɗaukar kwana 59 zuwa 72, ninki biyu na zomo. Tana haifar 1 zuwa 6, yawanci 2 zuwa 4. Jariran suna fitowa da gashi, ido a buɗe, da haƙora, a ranar suke fara yawo, cikin kwana ɗaya ko biyu su fara taɓa ciyawa. Nono biyu kacal uwar take da shi, in sun yi yawa ka lura da ƙaramin cikinsu.

Abubuwa uku da ake yawan kuskurewa. Na ɗaya, cire namijin kafin ta haihu, domin cikin 'yan sa'o'i bayan haihuwa tana iya ɗaukar wani cikin, ta haɗa goyo da ciki ta rame. Na biyu, yaye a sati 3, kuma a ranar ka raba 'ya'ya maza da uwarsu da 'yan uwansu mata. Na uku, mai tsohon ciki kada ta yi yunwa, kada a canza mata wuri, kada yara su riƙa ɗaukarta. Namiji ɗaya ya ishi mata 4 zuwa 5, kuma lokaci-lokaci ka yi musayar namiji da wani makiyayi don kada jini ya zama ɗaya.

YARA DA ƊAUKA

Hannu biyu ake sa wa, ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi baya. Ba a ɗaga shi ta kunne ko ta fatar wuya. Yaro ya zauna a ƙasa kafin a miƙa masa, domin faɗuwa daga hannu tana karya musu baya. Ba su cika cizo ba. In sun saba da kai, da sun ji motsin leda ko takunka sai su kama fito, in kuma ka ga ƙarami yana daka tsalle yana juyi, murna ce ba farfaɗiya ba. Yaro zai iya zuba abinci da ruwa, amma nauyin dabbar yana wuyan babba. Amana ce.

TO AKWAI KUƊI A CIKI?

Ba zan yi muku romon baka ba. Mu yi lissafi. Ciki wata biyu da 'yan kwanaki, shayarwa sati uku, hutu sati biyu zuwa uku. Kenan mace ɗaya za ta haihu sau 3, in ta yi ƙoƙari sau 4 a shekara. In ka ɗauki 'ya'ya 3 kowace haihuwa, 9 zuwa 12 kenan, kafin a cire waɗanda za su mutu. Mata biyar za su ba ka 45 zuwa 60 a shekara. Zomanya kuwa cikinta kwana 31 ne, kuma tana zuba 6 zuwa 8 a lokaci ɗaya. Duk wanda ya ce maka ɓeran Masar zai cika maka gida cikin wata uku, kayansa yake son sayarwa.

Ribarsa tana wajen ƙarancin kashe kuɗi. Ba ka sayen buhun abinci kamar na kaji ko kifi, ba ya buƙatar lantarki, ba ya damun maƙwabta. Masu saye su ne iyaye masu nema wa yara, masu sayar da tsuntsaye da dabbobin sha'awa, makarantu masu gonar koyo, da wasu sassan jami'o'i masu bincike. Kasuwar ba ta da faɗi, kuma sunan ɓera kaɗai yana korar wasu. Maganar cin namansa kuwa, mai wannan niyya ya fara zuwa wajen malamai, sannan ya tabbatar akwai masu ci a yankinsa.

Shawarata, kafin ka sayi ko ɗaya, zagaya kasuwar tsuntsaye ta garinku. Tambayi nawa suke sayarwa, nawa suke saya daga hannun makiyayi, guda nawa ke fita a wata. In amsar ta gamsar da kai, fara da namiji ɗaya da mata biyu, ka ga yadda za ka fitar da su daga bazara ɗaya. In sun tsallake Afrilu da Mayu lafiya, ka ƙara.

Mu masu kifi muna da wata dama. Ruwan da muke zubarwa in mun canza wa tarwaɗa, a juya shi zuwa 'yan kunyoyin ciyawa, dankalin Hausa da tattasai. Shi kenan ka samu ɗanyen ganye har cikin rani, lokacin da bitamin C ke wuya. A dai wanke ganyen da ruwa mai tsabta, a bari ya tsane kafin a ba su. Kashinsu da tsohuwar shimfiɗa kuma a tara su ruɓe, su koma kunyoyin a matsayin taki. Haka nake yi yanzu, kuma ta ukun nan da ta tsira daga maganina tana nan da ranta, har ta ga jikoki.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan bi in amsa in sha Allah. Wanda kuma ya riga mu fara kiwon, musamman a garuruwa masu zafi, ya gaya mana dabarar da yake bi da bazara, mu ƙaru da juna. A tura wa duk wanda aka san yana shirin saya wa yaransa.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya tsare mu daga asara. Amin.